Tikitin zuwa da dawowa daga Damagaram: tambayoyi da amsoshi kan ƙarin kwana, ƙarin nisa da biyan ciko

Wanda ya yanki tikitin zuwa da dawowa, wanda a tasha ake kira ale-retur, ya ƙulla da kamfani ne a kan abu uku: rana, hanya da kujera. Ɗaya daga ciki ya motsa, maganar ciko ta taso. Kuɗaɗen da ke cikin lissafin da za a gani a ƙasa na misali ne kawai, don hanyar lissafin ta fito. Farashin ranar yana kan allon gishe, wato tagar yankan tikiti a tasha.

Akwai jirgin ƙasa a Damagaram ne?

Babu, kuma layin dogo bai taɓa isowa nan ba. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso, kimanin kilomita 140, an yi bikin buɗe shi a 2016, amma bai shiga jigilar fasinja ba. Na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, an aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, an tsara ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Saboda haka tikitin zuwa da dawowa da mutumin Damagaram ya fi riƙewa na kar ne, wato babbar motar fasinja, zuwa Yamai, Maraɗi, Agadas ko Diffa. Jirgin ƙasa sai ya fita waje yake gamuwa da shi, a Nijeriya, Saudiyya, Maroko ko Faransa. Lissafin ciko iri ɗaya ne a kar da a jirgi, shi ya sa aka haɗa su a shafi guda.

Mene ne ciko, kuma me ya raba shi da tara?

Ciko shi ne bambancin da ke tsakanin abin da ka riga ka biya da kuɗin sabuwar tafiyar da kake so. Idan sabuwar ta kai sefa 12,000, kai kuma abin da ya rage a tikitinka ya kai 10,000, cikonka 2,000 ne, jaka biyu.

Tara daban take. Kuɗi ne da ake ɗora maka saboda canjin kansa, ko saboda ka bar kujera ta tafi ba kowa. Ana iya biyan ciko ba tara, ana iya biyan tara ba ciko, ana iya haɗa maka duka. Rigimar bakin gishe galibi daga nan take tashi: an faɗa wa fasinja jimla ɗaya, shi kuma yana lissafin ciko kaɗai a ransa, sai ya ga kamar an cuce shi. Ka nemi a raba maka su tun farko. Cewa «Malam, nawa ne ciko, nawa ne kuɗin canji?» ta isa.

Ina so in ƙara kwana kafin in dawo. Ta ina zan fara?

Ka duba tikitin da ke hannunka tukuna, gaba da baya. Iri biyu ne. Akwai wanda aka rubuta ranar dawowa da lambar kujera tun a Damagaram. Akwai wanda aka bar ranar a buɗe, sai dai yana da wa'adin da zai mutu idan ba a yi amfani da shi ba.

Mai rana a rubuce, dole a canza shi kafin motar ta tashi, ba bayan ta tashi ba. Ka je tashar kamfanin da ya sayar maka, a garin da kake, da tikitin da katin shaidarka. Ka faɗi sabuwar rana. Mai gishe zai duba ko akwai kujera, ya cire sunanka daga takardar fasinjojin tsohuwar rana ya mai da shi sabuwa, ya faɗi ciko in akwai. Ka biya, ka karɓi sabon tikiti, ko tsohon da aka gyara aka buga masa hatimi. Gyaran biro ba hatimi ba sa hannu, mai duba tikiti a bakin mota yana da hujjar ƙin karɓarsa.

Manyan motocin dogon zango da asuba suke tashi, kiran suna kuma tun kafin sallah ake farawa. Wanda ya ce zai gyara tikitinsa «da safe» ya riga ya makara. Rana ta ƙarshe ta gaskiya ita ce jajibirin tafiya, kafin a rufe gishe.

Mai buɗaɗɗiyar rana kuwa ba ƙarin kwana yake nema ba muddin wa'adi bai cika ba. Abin da ke kansa shi ne ya je ya kama kujera kwana ɗaya ko biyu kafin ranar da ya zaɓa. Buɗaɗɗen tikiti shaida ce ta cewa ka biya, ba shaida ce ta cewa an ajiye maka wuri ba.

Hanya ɗaya ce, mota ɗaya ce. Me ya sa za a ce in yi ciko don na canza rana kawai?

Saboda ana auna sabuwar rana da farashin yau, ba da na ranar da ka saya ba. Farashin kar yana bin kuɗin gazuwal, wato man dizal. A watan Agusta na 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668 a Nijar, a watan Yuli na 2024 kuma aka sauko da ita zuwa 618. Wanda ya yanki tikiti kafin ƙari ya zo dawowa bayansa, in bai taɓa ranarsa ba, ya riga ya biya tafiyarsa, ba a bin sa komai. In ya nemi canji, ya buɗe ƙofar a sake masa lissafi.

Dalili na biyu shi ne ajin mota. Ranar da kake so wataƙila kujerun motar da aka saba sun ƙare, sai ta VIP. Bambancin ajin ma ciko ne. Ka tambaya ko washegari akwai wuri a ajin da ka saya, in kwana ɗaya ba zai ɓata maka komai ba.

Tikitina na Maraɗi ne, yanzu ina so in zarce Ƙwanni. Yaya ake lissafi?

Nan ne lissafi ya fi rikitarwa, saboda tikitin zuwa da dawowa, in an yi masa ragi, ba kuɗin tafiya biyu ba ne cif. A ce:

Damagaram zuwa Maraɗi, zuwa kaɗai 4,000, zuwa da dawowa 7,000.
Damagaram zuwa Ƙwanni, zuwa kaɗai 8,000, zuwa da dawowa 14,000.
Maraɗi zuwa Ƙwanni, zuwa kaɗai 4,500.

In ba ka tashi ba tukuna, kana so a mai da duka tafiyar ta Ƙwanni, abu ne mai sauƙi: 14,000 a cire 7,000, ciko 7,000.

Matsalar tana ga wanda ya riga ya ci rabin tikiti. Ya sauka Maraɗi, wata hidima ta kai shi Ƙwanni a motar ɗan'uwa, yanzu yana so ya dawo Damagaram daga can. Ana iya lissafa masa ta hanya uku, kowace da amsarta.

Ta farko, a raba bambancin tikitin zuwa da dawowa gida biyu: rabin 7,000, wato 3,500. Ita ce ta fi sauƙi ga fasinja, don ragin da aka yi masa bai ɓace ba.

Ta biyu, a auna kuɗin zuwa kaɗai da na zuwa kaɗai: 8,000 a cire 4,000, ciko 4,000.

Ta uku ita ce mai zafi. A ce tafiyar da ka riga ka yi an caje ta da cikakken farashi, 4,000, saura 3,000 ke nan a tikitinka. Sabuwar dawowa 8,000, a cire 3,000, ciko 5,000. Ba sata ba ce, lissafi ne da ke ɗauke ragin gaba ɗaya, a kan cewa ka warware yarjejeniyar da aka yi ragin dominta.

To, a irin wannan hali, sabon tikiti daga Ƙwanni zuwa Maraɗi 4,500 ne. Ya fi ciko na uku araha da sefa 500. Kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi farashin guntun zangon shi kaɗai, ka kwatanta. Sau da yawa barin tsohon tikiti yadda yake, a sayi guntun da ya rage, ya fi taɓa shi.

In na sayi guntun zangon daban, ba wata matsala?

Akwai guda ɗaya, ta kujera. Tikiti biyu kujera biyu ne, wani lokaci ma mota biyu. Ka nemi mai gishe ya sa ka a motar da za ta ɗauki tikitinka na Maraɗi, in da hali a kujera ɗaya. In ba haka ba, za ka iya isowa Maraɗi ka tarar motarka ta wuce, kamfani kuma bai ɗauki alhakin haɗa maka su ba.

Ina cikin mota na canza shawara. Zan iya biyan ciko a hanya?

Ana yi, amma shi ne mafi rauni cikin dukkan hanyoyi. Kujerar da kake zaune a kai wataƙila an riga an sayar wa wani daga garin da ya kamata ka sauka. Ma'aikacin da ke rakiyar mota ba shi ne ke riƙe da lissafin kujerun tashar gaba ba. Abin da ya dace, ka gaya masa tun da wuri, da an tsaya a tashar kamfani, a ce Tasawa ko Maraɗi, ka sauka ka je gishe a yanka maka takarda.

Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ba takarda, sunanka bai shiga jerin fasinjojin wannan zango ba. A shingen jandarma ana iya kwatanta katin shaida da jerin. In kuma hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, tikiti da jerin nan su ne shaidar cewa kai fasinja ne a gaban inshora. Sefa 1,000 da aka rage maka ba ta kai wannan ba.

Akasin haka fa? Tikitina daga Yamai ne, amma ina so in hau a Dosso.

Ba ciko a nan, kuma kada ka sa rai za a mayar maka da kuɗin kilomita 140 ɗin da ba ka hau ba. Haɗarin shi ne kujera. An kira sunanka a Yamai ba ka amsa ba, za a ɗauka ba ka zo ba, a ba wani wurin. Ka je gishe tun jajibiri a rubuta a jerin cewa a Dosso za ka hau, ka karɓi lambar wayar tashar Dosso, ka kuma isa da wuri, don motar da ta riga ta cika ba ta daɗewa a tsaye.

Sabuwar tafiyar ta fi tsohuwar araha. Za a ba ni canji?

Ciko galibi hanya ɗaya yake bi, daga aljihun fasinja zuwa gishe. Mayar da kuɗi yana bin abin da ke rubuce a sharuɗɗan kamfani, ba lissafin hankali ba. Ka karanta bayan tikitin. In ba a rubuta komai ba, ka tambayi shugaban tasha, ba mai gishe ba, shi ne ke da ikon sa hannu.

Motar ta tashi ban je ba. Tikitin ya mutu ke nan?

Ya danganta da ƙa'idar kamfani da kuma saurin zuwanka. Kujerar ta tafi ba kowa, ko an sayar da ita a ƙurarren lokaci, don haka a nan ne tara ta fi fitowa. Ka je ranar, kada ka bari ya kwana biyu. Wanda rashin lafiya ta tsare, kamar masu rakiyar majinyaci asibitin Yamai da likita ya ɗaga musu rana, ya tafi da takardar asibiti. Ba ta tilasta wa kamfani komai, amma ita ce ke ba shugaban tasha abin kafa hujja in ya so sassauci. A yi maganar da ladabi, «Ranka ya daɗe, ga uzurin da ya same mu», ba a gaban layi ana ɗaga murya ba.

In laifin ba nawa ba ne, kamar hanya ta yanke ko an soke tafiya?

A nan bai kamata ka biya ciko ko tara ba, tunda ba kai ka canza ba. A daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanya ta ɗaya a kusa da Yamai, motoci suka tsaya. Haka iyakar Nijar da Nijeriya ta kasance a rufe daga bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024. Abin yi a irin wannan rana shi ne ka je a buga wa tikitinka hatimi da kwanan wata, a rubuta cewa kamfani ne ya ɗaga tafiya. Bayan mako biyu, in komai ya lafa, ba wanda zai tuna dalilin, sai abin da takarda ta nuna.

Wane lokaci ne ƙarin kwana ya fi wuya?

Makon ƙaramar sallah da na layya, komawar ɗalibai makaranta wajen Oktoba, tashi da dawowar alhazai, da lokacin kokawar takobi, gasar kokawa ta ƙasa, ga garin da ke karɓar baƙi. Ba tsada kaɗai ba ce matsalar, kujerar ce babu. Ƙa'ida ɗaya za a riƙe: kada ka saki tsohuwar ranarka sai an tabbatar maka da sabuwa. Ka ce a duba tukuna, kafin a soke.

Zan iya aiko da ciko ta waya, ko wani ya biya mini a Damagaram?

Inda kamfani ke karɓa, ana iya turawa ta Airtel Money, Nita, Amana da makamantansu, ko ɗan'uwa ya je gishen Damagaram ya biya. Abu biyu za a kiyaye. Lambar da za a tura wa ta zama wadda tasha ta bayar a hukumance, ba ta wani ma'aikaci ba. Sannan saƙon da ke nuna kuɗi sun fita ba tikiti ba ne. Sai an canza ranar a jerin kamfani an ba ka sabuwar lamba, ko hoton sabon tikiti, kafin a ce an gama.

Ga mai zuwa daga Kano ko Daura, a lura da ƙirgar dala. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai gishe ya ce «ɗari uku», yana iya nufin dala 300, wato sefa 1,500. A ce ya rubuta adadin a takarda.

Zan iya ba ƙanena rabin dawowar, shi ya biya ciko?

Tikiti da suna yake fita, sunan kuma shi ke shiga jerin fasinjoji. Miƙa shi ga wani ba tare da gishe ya canza sunan ba, neman a sauke shi ne a shinge. Ku je tare da katunan shaidarku biyu ku tambaya ko ana canza suna.

Tikitin ya ɓace fa?

Ka ɗauki hotonsa da waya tun ranar da ka yanka, gaba da baya. Da lambar tikiti da katin shaida, tashar da ke aiki da kwamfuta za ta iya gano ka cikin minti kaɗan. Inda da hannu ake rubutawa, sai an bincika kwafin da ya rage a littafi, littafin kuma yana tashar da ta sayar maka, ba wadda kake tsaye ba.

A jirgin ƙasa na waje, me ya bambanta?

Babban bambanci shi ne a jiragen da ake kama kujera, zuwa da dawowa tikiti biyu ne a zahiri, kowanne da jirginsa da sa'arsa. Ba «ƙara wa'adi» ake yi ba, musanya ake yi da wani jirgi.

A Faransa, ƙa'idar da SNCF, hukumar jiragen ƙasa ta can, ta sa a 2023 ga jiragenta masu saurin gudu na TGV INOUI ita ce musanya kyauta har saura kwana 7 a tashi, daga saura kwana 6 kuma a biya yuro 19, ban da cikon farashi. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ce, yuro 19 ta haura sefa 12,400 kaɗan. Farashin can yana hawa yayin da kujeru ke ƙarewa, saboda haka cikon da ka gani da safe ba lalle ne shi za ka tarar da yamma ba.

Jirgin Haramain da ke haɗa Makka da Madina ta Jidda, kimanin kilomita 450, ya fara aiki a 2018. Tikitinsa da suna da lambar fasfo yake fita. Mai umara da ke cikin ayari ya tambayi jagoransa kafin ya taɓa komai, don tikitin da kamfanin tafiya ya saya, ta hannun kamfanin ake gyara shi.

Tsakanin Abuja da Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, layin ya fara aiki a 2016, sayar da tikiti ta intanet kuma a 2021. Nan ma kowane tikiti na jirgi ɗaya ne da kujera ɗaya, kuma ana neman shaidar mutum. Wanda bai tabbatar da ranar dawowarsa ba, gara ya sayi na zuwa kaɗai.

A kowane jirgi, wuce tashar da ke rubuce a tikiti ba tare da an yi ciko tun farko ba, tafiya ce ba tikiti. Abin da mai dubawa zai rubuta tara ce, ba ciko ba.

Na yi ƙarin nisa, an ba ni takarda. Kayana fa?

Wannan ake mantawa. Kayan da ke ƙarƙashin kar ana jera su ne bisa garin sauka: na masu nisa can ciki, na masu sauka kusa a bakin ƙofa, kowane da takardar da aka manna masa mai sunan gari. Jakar da aka rubuta wa Maraɗi, a Maraɗi masu lodi za su sauke ta, ko da mai ita yana zaune a sama da sabon tikitin Ƙwanni a aljihu.

Da ka gama da gishe, ka wuce wurin masu kaya da sabon tikitin. A cire tsohuwar takarda, a manna sabuwa, a ba ka guntunta, lambar da ke hannunka ta yi daidai da ta jikin jaka. In kayan na awo ne, buhu ko kwali da aka biya musu kuɗi daban, su ma suna da nasu cikon, don kuɗin kaya yana bin nauyi da nisa. Sannan idan motar ta tsaya a tsohon garin saukarka, ka sauko ka tsaya kusa da ƙofar kaya har a rufe ta.